Kurakuran da aka fi yi wajen saita taimin ɗin wuta a tsohuwar mota, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota mai kafireto da distiributa ya san wannan abin. Mota ta fara sanyin jiki a hanya, ko ta fara shan mai fiye da da, ko tana wahalar tashi, sai a ɗaga bonet, kafin ma a duba komai hannu ya riga ya kai kan distiributa, a sassauta noti a murɗa hagu a murɗa dama har injin ya yi wata ƙara mai daɗin ji, a ɗaure a ce shikenan an gama. Toh ni dai a ganina rabin matsalar taimin daga nan take farawa, domin distiributa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka taɓa, amma shi aka mayar na farko.

Kafin mu yi nisa, taimin kala biyu ne kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai taimin ɗin bawul, wato na bel ko sarƙa da ke haɗa karanshaf da kamshaf, akwai kuma taimin ɗin wuta, wato lokacin da fulogi yake kyasta wuta a cikin silinda. Maganarmu kan na biyun ce. Idan bel ɗinka ya tsallake haƙori ɗaya to ko kwana ka yi kana murɗa distiributa injin ba zai dawo daidai ba, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Dalilin da yasa ma ake saita shi kuwa, mai da iska ba sa ƙonewa nan take, suna ɗaukar ɗan lokaci. Shi yasa ake kyasta wutar tun fistin bai ƙarasa hawa sama ba, yadda ƙarfin ƙunar zai cika daidai lokacin da ya ɗan wuce ƙololuwa ya fara gangarowa. Ana auna wannan sammakon da digiri na juyawar karanshaf. Yawancin tsofaffin injinan fetur a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, suna son wani abu tsakanin digiri 5 zuwa 12 kafin ƙololuwa, amma kowane inji da nasa, yana rubuce a littafin motar ko a wata takarda da ake mannawa a ƙarƙashin bonet. Nemo naka, kar ka ari na motar wani.

Babban kuskure, wanda zan fi daɗewa a kansa, shi ne saitawa da kunne. Na san akwai waɗanda za su ji haushi, za su ce ai shekara ashirin suna yi da kunne mota na tafiya. Eh tana tafiya, ba a ce ba ta tafiya ba. Matsalar ita ce inji a silo maƙaryaci ne. A silo totur a rufe yake, ɗan mai da iskan da ke shiga kaɗan ne kuma a hankali yake ƙonewa, saboda haka duk ƙarin gaba da ka yi wa wutar injin zai nuna maka yana so, gudun sa ya ƙaru, karkarwa ta ragu, kai kuma ka ga kamar ka samo wurin. Kana iya kai shi digiri 20 yana ta yi maka murmushi. Abin da kunnenka ba ya gaya maka shi ne a cikin distiributa, ƙarƙashin farantin da kwantak (ɗan makunnin da bakinsa ke buɗewa da rufewa don wuta ta tashi) yake zaune, akwai wasu ƙarafa biyu masu sifirin da suke buɗewa idan gudun inji ya ƙaru, su ma suna ƙara tura wutar gaba, sau da yawa digiri 20 da wani abu. Yi lissafi mana. Injin da aka tsara ya fara da 8, ƙarafan su ƙara 24, ya tashi 32 a babban gudu, wanda shi ne irin abin da yawancin injinan nan suke so, wajen 30 zuwa 36. Kai kuma da kunnenka ka ajiye shi a 20, a ƙara 24, ka ga 44 kenan. Ranar da ka ɗauki kaya ka hau tudu da rana tsaka zaka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan ƙarar ba wasa bace, mai ne yake fashewa da kansa maimakon ya ƙone a tsanake, yana dukan kan fistin kamar guduma. Shi ke karya ringi, ya ƙona gasket, in abin ya yi tsanani ya huda fistin ɗin gaba ɗaya. Kuma a babban gudu wani lokacin yana yi ba ka ma ji saboda ƙarar inji da ta hanya sun rufe shi.

Gyaran wannan ba wani abu bane, fitilar taimin ce. Wayoyi biyu a batir, ɗan matsi guda a wayar fulogin silinda ta ɗaya, ka haska kan fulin karanshaf ka ga inda alamar da ke jikinsa take tsayawa a kan ma'aunin digiri. Gani ya kori ji.

Sai dai ita ma fitilar ana yin shirme da ita. Wasu suna da ɗan maɓalli ko abin murɗawa a baya na ƙara digiri, in wani ya yi amfani da ita ya bar ta a kan 10 kai kuma baka duba ba, duk abin da ka karanta ya kauce da 10. Mayar da ita sifili tukuna. Matsin nan da ake maƙalawa a waya, wasu akwai kibiya a jikinsa, kibiyar fulogi take kallo. Kar ka bar shi ya jingina da wata wayar fulogi, yana iya ɗauko wutar maƙwabciya fitilar ta riƙa walƙiya ba kan gado. In motarka irin tsofaffin nan ce sosai masu bolt 6, fitilar tana buƙatar batir mai 12 daban. Sannan ka tsaya ka kalli alamar a miƙe, in ka leƙa ta a karkace zaka iya ganin digiri biyu ko uku da babu su. Ka goge fulin ka shafa wa alamar farin fenti ko alli, wahalar minti ɗaya ce.

Wani abu kuma, hasken fitilar nan yana sa fanka da fambel su zama kamar a tsaye suke alhali suna gudu. Mutum ya shagala ya miƙa hannu. Dan Allah a kula, a naɗe hannun riga, a janye wayoyin fitilar daga hanyar fanka.

Yanzu batun kwantak. Idan motarka mai kwantak da kondensa ce, saita taimin kafin saita kwantak aikin banza ne, don wutar tana tashi ne daidai lokacin da bakin kwantak ya buɗe, kenan duk abin da ya canza tazarar bakin ya canza taimin. Ka faɗaɗa tazara, bakin zai buɗe da wuri, wuta ta yi gaba. Ka rage, ta makara. Shi yasa mota mai kwantak take yin sanyi a hankali da kanta ba wanda ya taɓa ta, ɗan robar nan da ke gogar kam ɗin distiributa yana cinyewa, tazara na raguwa, wuta na ja baya kaɗan kaɗan. Mutum sai ya bi ta da murɗa distiributa, bayan wata biyu ya sa sabon kwantak ya manta ya riga ya tura distiributa gaba, sai ga tsakuwa a gwangwani. Tazarar a yawancin motoci wajen milimita 0.4 zuwa 0.5 ce, da fila geji ake aunawa lokacin da robar take kan tsinin kam, ba da ido ko da kwalin ashana ba. In kana da mitar da ke auna digirin da bakin yake yi a rufe ta fi, musamman in kwantak ɗin ya ɗan tsufa ya yi ƙurji, inji mai silinda huɗu galibi kusan 50 yake so, mai takwas kusan 30. Ka ɗan shafa giris kaɗan a kam ɗin, kaɗan fa, ba wanda zai fantsama kan baki ba. Fulogi ma a duba su a saita bakinsu kafin a zo kan taimin.

Daga nan sai tiyon iska. Gefen distiributa akwai wani ɗan gwangwani mai siririn tiyo da ya tafi kafireto ko manifol. Aikinsa ƙara tura wuta gaba lokacin da kake tafiya a hankali ba ka taka totur sosai ba, shi ke sa mota ta rage shan mai ta kuma rage zafi. A yawancin motoci ana cire tiyon nan kafin a auna, kuma a toshe bakinsa ta ɓangaren inji. Kuskure biyu ake yi a nan. Wani ba ya cirewa sam, in tiyon daga manifol yake zuwa to a silo yana ja da ƙarfi, sai fitila ta nuna masa 20 ya tsorata ya ja distiributa baya har alamar ta zo 8, ka ga ainihin taimin ɗinsa ya koma bayan ƙololuwa kenan, da ya taka totur jan iskan ya faɗi motar sai ta yi kamar an riƙe ta ta baya. Wani kuma ya cire amma bai toshe ba, injin na zuƙar iska ta nan silo ya lalace. Ɗan ƙusa ko ƙaramin noti ya isa toshewa. Akwai motocin da littafinsu ya ce a bar tiyon a haɗe, in naka haka ya ce to bi shi. In ka gama kuma ka tuna ka mayar, na sha ganin mota tana yawo tiyon na lilo.

Tunda kana wurin, gwada gwangwanin. Cire murfin distiributa, ka zuƙi tiyon da baki, farantin ya kamata ya motsa, in ka toshe da harshe ya tsaya a wurin. In iska kawai kake zuƙa ba iyaka to robar ciki ta fashe, a canza shi. Wasu sai su toshe tiyon su ce ba shi da amfani, sannan su dawo suna kukan mota na shan mai.

Silo da zafin inji, wannan a gurguje. Injin ya yi zafinsa na aiki, cok ya buɗe gaba ɗaya, silo ya sauka inda littafi ya ce, galibi wajen juyi 700 zuwa 900 a minti. In silo ya yi sama ƙarafan nan na ciki sun riga sun fara buɗewa, abin da kake karantawa ba na tushe bane. Kuma da ka murɗa distiributa silo zai canza, sai ka koma kafireto ka daidaita, ka sake haskawa. Sau biyu ko uku ake zagayawa kafin su zauna tare.

Akwai kuma motocin tsaka-tsaki, na shekarun 1980 da 1990, masu distiributa amma kwamfuta ce ke juya taimin ɗin. Waɗannan in ka haska haka kawai ka murɗa, kana murɗawa kwamfutar na gyarawa, kuna ta kokawa. Sai an gaya mata ta cire hannunta tukuna. A Toyota da yawa na lokacin ana haɗa TE1 da E1 da 'yar waya a ɗan akwatin gwaji da ke ƙarƙashin bonet, da yawansu digiri 10 suke so a haka. A Ford ana zare wani ɗan toshe da ake kira SPOUT. Honda na da wani soket mai baki biyu da ake haɗewa. In an gama a mayar da komai yadda yake.

Toh ga inda gizo ke saƙar, ita kanta alamar da kake haskawa, ka tabbata gaskiya take faɗa? Fulin karanshaf a injina da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, alamar kuma a zoben waje take. Roba ta shekara talatin tana shan zafi da baƙin mai, sai zoben ya zame ya juya. Ko kuma an taɓa canza fulin ko murfin gaba da na wani inji, alama da ma'auni ba 'yan gida ɗaya bane. Alamar hakan ita ce ka saita komai bisa littafi amma motar ta ƙi, ko ka ga tana tafiya lafiya lau alhali fitila na nuna wani lissafi na hauka. A nan sai ka nemo ƙololuwar da kanka. Zura sukundireba a ramin fulogi yana ba ka kusa-kusa ne kawai, don fistin idan ya kai sama yana ɗan tsayawa na wasu digiri kamar ba ya motsi. Hanyar da ta fi ita ce a ɗaura wani abin tokare a ramin fulogi, ana yin sa da tsohon fulogi da dogon noti. Cire kan batir, da hannu zaka juya ba da kik ba, wallahi in ka taɓa kik da abin nan a ciki sai dai a sauke inji. Juya a hankali har fistin ya taɓa, yi alama a fuli daidai sifilin ma'auni. Juya baya har ya sake taɓawa, yi wata alamar. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. In ma'aunin digirin ya ɓace ma kana iya yin naka, fuli mai faɗin milimita 150 kewayensa kusan 471 ne, ka raba da 360, kowane digiri kusan milimita 1.3, digiri 10 kenan milimita 13. Amma in zoben ne ya zame to canza fulin, wanda ya zame yau zai ƙara zamewa gobe.

Sai wanda ya fi ba da kunya, sa distiributa a juye. Karanshaf yana zagaye biyu kafin rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a cikin distiributa yana raba wa wayoyin fulogi wuta, ta yi ɗaya, kenan alamar tana zuwa sifili sau biyu, sau ɗaya a ƙarshen matsa iska wanda shi ake so, sau ɗaya a ƙarshen fitar da hayaƙi. Ni kaina ya taɓa cin min yini guda. Na cire distiributa ban yi alama ba, na juya inji, na ga alama ta zo sifili na zura shi rota na kallon waya ta ɗaya, komai tsaf a ido. Motar ta ƙi tashi sai tari take ta kafireto tana harbi ta salansa, na canza kwayil na canza kondensa har batir ya mutu, ashe wutar a bugun hayaƙi take zuwa. Abin da zai hana ka wannan, cire fulogi na ɗaya ka toshe ramin da babban yatsa a juya inji da hannu, lokacin da ka ji iska na ture yatsan to wannan hawan ne naka. Kuma ka lura haƙoran ƙasan distiributa a injina da yawa a karkace suke, rota tana ɗan juyawa yayin da yake zama, sai ka fara ta ɗan baya kaɗan.

Silinda ta ɗaya ma ba kullum take gaba ba. Injinan Faransa da yawa daga wajen giya suke fara ƙirga. A inji mai huɗu a jere fitila ba ta damu ba, ta ɗaya da ta huɗu tare suke hawa, ko wacce ka maƙala zaka ga alamar, amma wajen jera wayoyi dole ka san wacce ce wacce. Yawancin masu huɗu 1-3-4-2 ne, Volkswagen Beetle 1-4-3-2, wasu tsofaffin Ford 1-2-4-3, mai shida a jere 1-5-3-6-2-4. Kuma ka san ta ina rotarka take juyawa kafin ka jera, wasu dama wasu hagu. Ita ce ma ke gaya maka ta ina gaba yake, ka juya jikin distiributa kishiyar tafiyar rota wuta ta yi gaba, ka bi tafiyarta wuta ta ja baya. Kaɗan ake taɓawa, digiri ɗaya a distiributa biyu ne a karanshaf.

In injin ba ya tashi kuma mai kwantak ne, ƙaramin kwan fitila mai bolt 12 ya isa a fara. Waya ɗaya a gefen kwayil da ke zuwa kwantak, ɗaya a jikin inji. Kawo alamar kan digirin da ake so ta hanyar juya injin yadda yake tafiya, in ka wuce koma baya sosai ka sake tahowa don sakin sarƙa kar ya yaudare ka. Buɗe makulli, juya distiributa bin rota har kwan ya mutu, dawo a hankali har ya kama, nan ne. Kar ka bar makullin a buɗe kana hira, kwayil na zafi bakin kwantak na ƙonewa.

Wasu kuma tsoron tsakuwar nan ya sa suke ja baya da yawa su ce ai ya fi aminci. Bai fi ba. Wutar da ta makara tana ƙarasa ƙonewa ne a hanyar fita, injin ya riƙa zafi a riƙa zargin lagireto, manifol ɗin salansa har ja yake yi da dare, bawul na hayaƙi na gasuwa, mota ba ƙarfi ga shan mai. Wadda ta yi gaba da yawa kuma, ban da ƙarar, zaka ji kik yana nishi yana tsayawa in inji ya yi zafi kamar batir ya yi sanyi, mutane da yawa sun sayi sabon batir a kan wannan.

Bayan an saita silo, yawanci nan ake tsayawa, alhali mota ba a silo take rayuwa ba. Tiyo a cire, ka riƙe fitila a ɗaga totur a hankali zuwa wajen juyi 3000 a minti, alamar ya kamata ta tafi gaba sumul ta tsaya, in an saki ta dawo inda take. In ba ta motsa ba ƙarafan sun ci tsatsa sun maƙale. In ta tafi ta ƙi dawowa sifirin ya saki ko ya tsinke. Ko inji a kashe kana iya gwadawa, ka murɗa rota da yatsa bin tafiyarta, ta ɗan tafi ta dawo da kanta. Ƙarƙashin rota a da yawansu akwai ɗan ƙyalle, ɗigo biyu na baƙin mai yake so lokaci lokaci, kusan ba mai tunawa da shi. In kuwa alamar rawa take tana tsalle gaba da baya ko a silo, to ba saiti bane matsalarka, ko sandar distiributa ta yi girgiɗi, kama ta ka jijjiga gefe da gefe ka ji, ko sarƙar taimin ta saki.

Ɗaure noti ma yana ja da distiributa digiri ɗaya ko biyu, don haka bayan ka ɗaure sake haskawa. Mayar da tiyo, daidaita silo. Sannan a hau hanya inji da zafinsa, a babbar giya kana tafiya wajen kilomita 40 zuwa 50 a awa ka take totur har ƙasa ka saurara. In ka ji tsakuwa ja baya digiri 2 ka sake gwadawa, ko da littafi ya ce lambar farko daidai ce, don littafin an rubuta shi ne da sabon inji a rai, naka kuma ƙila ya tara gawayi a kan fistin ko an taɓa goge tof silinda matsi ya ƙaru, ko man da kake samu bai kai wanda aka tsara masa ba. In ta yi shiru tana ja, ɗauki fenti ka ja layi ɗaya daga gindin distiributa zuwa jikin inji, ka rubuta digirin da tazarar kwantak a wani wuri da ba zai ɓata ba.